Sassaƙen Aduwa a Tafkin Salomi

Kowa a Akokan ya san yadda ake duba akuya a gane tsutsa ta kama ta, amma ka nemi mutum ɗaya da ya taɓa ganin kifi yana ciwo, sai ka gaji da yawo. Gari ne na hamada kusa da Arlit, babu gulbi, babu kogi. Kifin da aka sani shi ne busasshen da motoci ke kawowa daga kudu a cikin kwali, ya yi baƙi ya ƙandare. Shi ya sa bayan an rufe ramin ma'adinai a 2021, da wata ƙungiyar agaji ta haƙa wa mata goma sha biyu foraj, wato rijiyar burtsatse, a bayan gari, ta gina tafkunan siminti guda biyu ta zuba 'ya'yan karfasa, mutane suka riƙa zuwa kallo kamar an kawo wasan kura.

Salomi na cikin matan nan. Mutuniyar Maraɗi ce, ta zo Akokan tana amarya shekara ashirin da shida da suka wuce. Mijinta Abraham ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa, aka rufe ramin, shekara na zagayowa tari ya ƙarasa shi. 'Yan'uwanta sun yi kiran duniya ta koma gida, ta ƙi. Kabarin Abraham na nan, foraj ma na nan. Da ruwan foraj ɗin nan mata goma sha biyu suke shuka ganyen salati da shu, wato kabeji, da karoti, da shi suke ci da 'ya'yansu tun da albashi ya ƙare a garin. Kuma ba a sami amincewar mutane cikin sauƙi ba, don a Akokan ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da suna mai kyau, ana tsoron gubar ramin ma'adinai ta shiga cikinsa. An auna shi kafin a miƙa musu, an manna takardar a jikin tankin, duk da haka sai da aka yi shekara cur kafin matan kasuwa su yarda su taɓa salatin.

Cikin su goma sha biyun, biyu kaɗai suka yarda da wahalar kifi: Salomi da Siddiƙa. Siddiƙa Ba'adara ce daga Tawa, ta girmi Salomi da 'yan shekaru. Mijinta Nomau tare suke sauka rami da Abraham, kuma yana cikin waɗanda aka riƙe bayan rufewa don su toshe hanyoyin ramin da siminti. Ranar da Abraham ya rasu, Siddiƙa ce ta kwana bakwai a ɗakin Salomi, tana shimfiɗa abin sallarta a gefen gado, ana waƙoƙin majami'a a tsakar gida. Tun daga nan ba mai cin wani abu mai daɗi bai aika wa ɗaya ba.

Masu agajin sun bar musu kwalaben wani ruwan magani da ake gaurayawa da abincin kifi. An rubuta a jiki da Faransanci cewa daga ganyaye aka tatso shi. Kwalaben suka ƙare, hanyoyin kudu suka rikice, masu agajin ma suka tattara nasu ya nasu. Salomi ta shinshina kwalbar ƙarshe ta ji warin tafarnuwa, ta ce ai wannan ba sai an je Turai ba. Ta daka tafarnuwa da zogale, ta jiƙa, ta tace, ta kwaɓa da dusa da ƙuliƙuli. Kifi suka ci suka yi ɓul-ɓul. To, a nan ne masifar ta samo asali, don da ƙoƙarin farko bai yi aiki ba, da Salomi ta shiga taitayinta. Sai ga shi ya yi. Mata suka fara ce mata likitar kifi, tana cewa su bari, amma a ranta tana jin daɗin sunan.

Da bazara ta kankama, ruwan tafkunan ya ɗumame, kifin suka rage cin abinci. Wasu cikinsu ya kumbura, suna tsayawa a kusurwa ba motsi. Tafarnuwa ta kasa. A wannan makon ne Siddiƙa ta raka Nomau Agadas a duba masa ƙirji, ta bar wa Salomi tafkinta.

"Ga amana nan, Salomi," in ji ta. "Yadda kika yi ma naki, ki yi ma nawa."

Ranar Litinin sai ga Ismaghil. Tsohon makiyayi ne daga Gugaram, abokin Abraham, wanda har yanzu in ya shigo gari sai ya kawo wa matar abokinsa cuku. Ya tsuguna bakin tafki ya daɗe yana kallon kifin ta saman rawaninsa.

"Matar Abraham, wannan tsutsa ne," ya ce. "Akuya in ya yi haka, ciki ya kumbura, ba ya ci, tsutsa ne."

"To mi ake ba su, Baba Ismaghil?"

Ya kwance wani ƙulli a bakin rigarsa, ya zazzage mata sassaƙen aduwa a tafin hannu. "Ka jiƙa shi ya kwana. Akuya yana sha, raƙumi yana sha, ni ma ina sha. Jikana ƙarami na ba shi. Ba ya kashe komai sai tsutsa."

Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Salomi ma ta san aduwa tun tana yarinya, ta tsotsi 'ya'yanta, ta ga kakarta na wanki da sassaƙenta. Abin da jariri ke sha, me zai yi wa kifi? Ta jiƙa shi a babbar tukunya. Da yamma ta kamo kifi biyar masu lafiya daga tafkinta, ta kai gida ta saka a rabin tano, wato ganga, da ta cika da ruwan foraj, don ranar Lahadi za a yi addu'ar tunawa da Abraham, kuma tana so ta soya wa baƙi abin da hannunta ya kiwata.

Talata da sassafe ta tace jiƙon, ja-ja-ja da shi, ta kwaɓa abinci ta watsa a tafkunan biyu. Kifin da ba sa ci, ta yaya maganin zai shiga cikinsu? Sai ta yi dabarar da ta ga ta fi: ta raba sauran jiƙon biyu ta tuttula cikin ruwan, rabi a nata, rabi a na Siddiƙa, don kada a ce ta fifita nata. Ruwan ya yi kumfa a gefe-gefe kamar an yi wanki. Ta ɗauki fartanya ta tafi fangalin karoti.

Kafin rana ta take, wata daga cikin matan ta ƙwalla mata kira. Salomi ta taho da gudu ta tarar da kifin duk sun taso sama, bakuna a buɗe, suna juyi kamar masu maye. Ta buɗe tiyo ta sakar musu sabon ruwa, ta shiga tafkin da zanenta tana kwashe su da hannu, tana kiran sunan Yesu. Ba abin da ya tsaya. Kafin azahar matattun kifi, ciki fari a sama, suka rufe saman ruwan duka biyu, ɗari bakwai da wani abu, kiwon wata biyar. Zafin Akokan kuwa ba ya jiran kowa, kafin la'asar wari ya kai bakin hanya.

A kan wannan warin Siddiƙa da Nomau suka sauko daga mota. Siddiƙa ta tsaya da ƙullin kayanta a ka. Nomau ya leƙa tafkin matarsa, ya leƙa na Salomi, ya bi tiyon da ido har zuwa bakin foraj. Ya yi tari mai tsawo, ya tofar.

"Ruwan ne," ya ce. "Tahki biyu, rana guda, sa'a guda. Mi ya haɗa su in ba ruwan ba? Na hwaɗa muku tun hwarko, abin da ke ƙarƙashin ƙasag ga ba ya barin kowa."

Salomi ba ta musa ba, kuma a ranar ba ƙarya ta yi ba, don ita ma ba ta kawo jiƙon a ranta ba. Magani ta ba su.

Washegari labari ya riga salati isa kasuwa. A Arlit da Akokan ba wanda ya taɓa kayan lambun matan, har masu sayen ganye don awaki suka kauce. Aka dawo da kwanduna kamar yadda aka kai su.

Da hantsi Muktari ya zo gidan Salomi yi mata jaje. Mutumin Gaya ne, can kudu a bakin gulbi, yana soya kifi a tashar Arlit, shi ke sayen yawancin abin da take kamawa. Yana zaune a kan turmi sai idonsa ya faɗa kan tukunyar da ke gefen murhu, da sauran sassaƙe a ciki. Ya ɗauko ɗaya ya shinshina, ya murza shi cikin ruwa ya ga kumfa. Fuskarsa ta canja.

"Madam, mi kike yi da wanga?"

"Aduwa ce. Maganin tsutsa na ba kifin."

"Kin ba su? Cikin ruwa?" Ya dafe kai. "Inna lillahi. Madam, a wurinmu da wanga ake kashe kihi. Kakana in ya so kwashe tabki gaba ɗai, shi yake dakawa ya zuba. Mutum ya sha ba ya jin komai, dabba ma haka, amma kihi numfashinsa yake toshewa. Sarkin ruwa har tara yake cin wanda ya yi haka. Ko yaron goye a bakin gulbi ya san wanga."

A bakin gulbi. Nan kuwa tsakanin Akokan da gulbi tafiyar kwana biyu ce a mota mai lafiya.

Muktari ya dubi ƙofa ya rage murya. "Ni ban ga komai ba. Kin san halin garin ga. Ki zubar da tukunyar."

Da ya tafi, Salomi ta ɗaga tabarmar da ta rufe rabin tanon. Kifi biyar suna ta iyo abinsu cikin ruwan foraj, lafiya lau. Ta kamo ɗaya ta saka a bokiti, ta ɗiga masa ludayi ɗaya na jiƙon, ta zauna a ƙasa tana kallo. Ba a daɗe ba ya taso sama ya buɗe baki, ya yi juyin da ta riga ta sani, ya kife. Ta daɗe zaune a wurin. Kunya ce ta fara kama ta kafin baƙin ciki, kuma wannan ita kanta ta lura da shi, ta ji ta tsani kanta. Likitar kifi! Ta kashe nata, ta kashe amanar da aka bar mata, ta jawo wa mata goma da ba ruwansu asarar kasuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi taro a rumfar lambu, mata da mazajen da suka rage. Nomau ne ya fara magana, yana tsayawa tsakanin kalmomi don ya ja numfashi.

"Ni na san ƙarƙashin ƙasag ga hiye da ɗakina. Shekara ashirin da huɗu. Abokaina nawa na binne? Abraham na ina? Kihi ya mutu, gobe ɗiyanmu ne. A toshe shi. Mun toshe wanda ya hi shi girma."

Wasu suka goyi bayansa, wasu suka fashe da kuka, don in aka toshe foraj, me za a ci? Shugabar ƙungiyar ta ce a yi haƙuri, a ɗebi ruwan a kwalba a aika Yamai a auna, mako biyu sakamako zai dawo. Kafin nan kada kowa ya sha, amma a ci gaba da ban ruwa don kada shuka ta ƙone. Aka tsaya a kan haka. Sai ta juyo ta ce, "Salomi, ke ce kika ga abin da idonki. Kina da magana?"

Duk aka zuba mata ido. Siddiƙa na gefenta, kafaɗarsu na gogar juna. Ta yi niyyar faɗin gaskiya. Amma sai wata dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mai jin tsoro da kayan hankali: ai awon zai wanke ruwan. Mako biyu ne kawai. Takarda za ta zo ta ce ruwa lafiya lau, kasuwa ta dawo, a ce zafi ne ya kashe kifi, kowa ya huta, ba sai ta tsaya gaban Siddiƙa ta buɗe baki ba.

"Ba ni da magana," ta ce.

Asabar da rana Siddiƙa ta shigo gidanta ɗauke da bido, wato jarkar ruwa, a ka, gumi na zuba. Salomi ta yi wuf ta gyara tabarmar kan tanon, ta ɗora kwando a sama.

"Ruwan sayarwa ne, daga Arlit," in ji Siddiƙa tana sauke bidon. "Na san ke kaɗai ce, ba mai ɗebo miki. Kada ki kuskura ki sha wancan." Ta zauna ta share fuska da bakin mayafi. "Zinatu ce ba lahiya. Tun jiya take amai da gudawa. Mun kai ta likita sun ce ciwon zahi ne, yara da yawa na yi. Amma Malam maigidana bai yarda ba. Ya ce shi ya riƙa ɗebo mata ruwan foraj da hannunshi, ya ce shi ya kashe ta. Ko abinci ya ƙi ci."

Zinatu jikarsu ce, shekararta huɗu, ita kaɗai ɗansu ya bar musu da ya tafi neman zinariya bai dawo ba.

"Allah ya ba ta lafiya, Yaya Siddiƙa."

"Amin. Ke ma ki bar damuwa, duk kin rame. Kihi dai ne. Ba laihinki ba ne, ke da kika shiga ruwa da zanenki don nawa."

A ƙarƙashin tabarma wani kifi ya motsa, ruwa ya yi ƙara. Salomi ta yi tari ta rufe. Da Siddiƙa ta fita, ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata. Ta yanke shawara za ta faɗa. Amma ko a nan sai da ta ƙara wa kanta kwana ɗaya: gobe, bayan addu'ar Abraham, in ta samu ƙarfin zuciya, za ta je da shaida a hannu don kada a yi mata gardama.

Lahadi aka yi addu'ar a 'yar majami'arsu ta mutum talatin. Ba a soya kifi ba, ba wanda ya tambaya. Ana tashi ta koma gida, ta cika bokiti biyu da ruwan tanon, ta saka kifi bibbiyu, ta zuba sauran jiƙon a kwalba, ta ɗora a baro ta tura zuwa lambu cikin tsakar rana.

Tun daga nesa ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Allunan hasken rana da ke tayar da famfon foraj suna jingine a ƙasa. An zaro famfon da dogon tiyonsa an shimfiɗe a kan yashi. Tsofaffi biyar, duk tsoffin ma'aikatan rami, suna wanke shebur. Buhunan siminti da babu komai a ciki suna warwatse, mata na tsaye cirko-cirko, wasu hannu a ka. Inda bakin foraj yake, yanzu wani dandamali ne mai danshi, an shafe shi sumul, aikin gwanaye.

Nomau ya taho wajenta, hannuwansa fari fat har gwiwa. Fuskarsa a sake take, irin ta mutumin da ya sauke kaya.

"Matar Abraham, kin makara. Tun asuba muka hwara. Tsakuwa da siminti tun daga ƙasa har sama, yadda munka yi ma rami. Ba mai buɗe shi har abada." Ya yi tari. "Ba zan jira takarda ba yarinya na kwance. Mun jira takardu da yawa a garin ga."

Salomi ta saki baron. Da ta yi shiru a nan, da ba wanda zai taɓa sani, kuma ba abin da maganarta za ta dawo da shi. Ita ma ta san haka. Amma ta sauke bokitan biyu a tsakiyar mutane, ta ce:

"Wannan ruwan foraj ne, duka biyu. Kifin nan kwana shida suna ciki."

Ta buɗe kwalbar ta tsiyaya a bokiti ɗaya. Ta faɗi komai, tun daga sassaƙen har maganar Muktari, ba ta ɗora wa Ismaghil ko ƙwayar laifi ba. Aka tsaya ana kallon bokitin, kumfa ta taru a gefe, kifin biyu suka taso suka buɗe baki, suka juya, suka kife. A ɗaya bokitin biyun suna ta kewaya.

Nomau ya dubi bokitin, ya dubi hannuwansa, ya juya ya dubi dandamalin. Ya zauna daɓas a kan yashi. Wata mata ta fara kururuwa, wata ta ɗauko shebur ta soka a simintin, ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce mata a hankali ta bari, na ƙasa ya riga ya kama.

Siddiƙa ba ta yi kuka ba. Ta matso har gaban Salomi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Laraba."

"Ran Juma'a da anka tambaye ki?"

"Na sani."

"Jiya da na kawo miki ruwa?"

Salomi ta sunkuyar da kai. "Suna ƙarƙashin tabarma, Yaya."

Siddiƙa ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata farashin wani abu a kasuwa. "Da kin ce min kin kashe min kihi, Salomi, da na zage ki kwana biyu, na uku in aiko miki da hura." Ta duƙa ta sa hannu cikin bokiti mai kyau, ta kamo kifin biyu masu rai, ta danƙa wa Salomi a hannu suna fizge-fizge. Sannan ta ɗauki bokitin da hannu biyu, tana takawa a hankali don kada ɗigo ya zube, ta wuce ta gaban mijinta ba ta dube shi ba, ta kai fangalin salatinta da ya fara langaɓewa. Ta tsiyaya ruwan a gindin shukar, ɗaya bayan ɗaya. Bai jiƙa rabin fangalin ba.